Daga Tawa zuwa rijiyoyin arewacin Abalak: taswira, busol da hazo

Aikin rigakafin dabbobi ne ya fitar da mu daga Tawa cikin watan Janairu, sanyi na kan ganiyarsa. Mu huɗu ne a cikin Toyota kat-kat: ni, direba, yaron mota, da wani saurayi da bai daɗe da gama karatu ba, wanda aka haɗa ni da shi ya koyi aiki. A bayan mota akwai akwatunan sanyi cike da allurar ciwon huhun shanu da ta tumaki da awaki, an jera ƙanƙara kewaye da kwalaben. Sai duron gazuwal, jarkokin ruwa, shebur, farantan ƙarfe na fidda mota daga rairayi, shinkafa, taliya, albasa da kayan shayi. Gazuwal mun sha shi a gidan mai kan sefa 618 lita, muka cika tanki da duro, don da zarar an bar kwalta sai na kwalba, in ma an samu, kuma kuɗinsa yadda mai shi ya ga dama. Ƙanƙarar nan ita ke yanke mana lokaci. Ranar da ta narke, allurar ta zama ruwan banza, wahalar tafiyar duka ta tashi a tutar babu.

A cikin jakata akwai abu uku da ba na shiga daji ba tare da su ba: taswira, busol (wato na'urar nan mai allura da ke nuna arewa), da ƙaramin littafi mai fensir ɗaure da zare. Taswirar tsohuwa ce, irin wadda ma'aikatar taswira ta Faransa ta zana daga hotunan jirgin sama wajejen shekarun 1950 da 1960. Ma'auninta 1/200.000, wato santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ne a ƙasa, kuma kowane falle yana ɗauke da fili na kimanin kilomita 110 daga kudu zuwa arewa. Na liƙe wuraren ninkinta da salatif, ta yi laushi don yawan buɗewa. Da saurayin ya gan ta sai ya zaro wayarsa ya nuna mini.

"Malam, ai duk wannan yana cikin nan."

Na ce masa ya adana cajinsa.

Mun biya payaji a bakin gari muka hau hanyar Agadas, wadda aka shimfiɗa saboda uraniyom ɗin Arlit. Wajen kilomita 50 muka iso Tabalak. Duk wanda ya saba da wannan hanya ya san ba a wuce Tabalak da yunwa. Tabkin yana nan shimfiɗe a gefen titi, lambunan albasa kore shar a bakinsa, mata na suyar kifi, hayaƙin mai na tashi. Tun 2005 aka sa tabkin cikin jerin wuraren dausayi da duniya ke kiyayewa, saboda tsuntsayen da ke sauka a nan lokacin sanyi. Mun ci kifin jika 2 da yaji da ɗanyar albasa, direba ya ƙara na guzuri a takarda. Daga nan muka wuce mararrabar gidan kiwon Ibesetan, gonaki suka fara ja baya, har muka shiga Abalak, kilomita kusan 135 daga Tawa.

A shingen shiga gari jandarma ya karɓi takardar aikinmu da katin kowa, ya leƙa akwatunan sanyi, ya tambayi inda muka nufa. Da na shimfiɗa masa taswira a kan bonet ya kira babbansa, suka duba tare. Babban ya ɗora yatsa a gefen yamma ya ce kada mu kuskura mu karkata can. Ba sai ya yi dogon bayani ba. Kowa a jihar Tawa yana tuna abin da ya faru a ƙauyukan Tiliya cikin watan Maris na 2021, inda aka kashe mutum sama da 130 a yini guda. Ya rubuta sunayenmu da ranar da muke sa ran dawowa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ji daɗin wannan rubutu. A daji, sanin cewa akwai wanda zai ƙirga kwanakinka ya tashi nemanka in ka makara, ya fi jarkar ruwa guda daraja.

Mun kwana a wani ɗakin saukar baƙi kan jika 5, katifa a ƙasa da bokitin ruwa mai sanyin da sai ka yi shahada kafin ka watsa. Da dare aka kawo mana wanda zai yi mana jagora, wani dattijo Ba'abzine, siriri, rawaninsa ya rufe komai sai idanu. Hausarsa tsaf. Muka daidaita kan jika 10 a yini, abinci namu. Madugu muka riƙa kiransa.

Da asuba muka bar kwalta muka fuskanci arewa. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma a Nijar, abin da ke arewa da ita filin makiyaya ne, kuma da ido ma kana ganin bambancin. Mu mutanen Adar mun saba da ƙasa mai alama. In ka doshi Keita ko Buza, ga dutse, ga kwari, ga rumbuna, ga hasumiyar masallaci, kuma ba ka yin tafiyar rabin awa ba ka gamu da mai jaki ko mata masu itace ba. Shi ya sa muke cewa matambayi ba ya ɓata. A can kuwa wa za ka tambaya? Tudun rairayi ne bayan tudun rairayi, duk ciyawa ta rufe su ta bushe ta yi fari, ƙarangiya ko'ina, kandili da aduwa jefi-jefi, tumfafiya a inda ƙasa ta gaji. Ka hau tudu ka duba gaba, abin da ka baro a baya shi za ka gani. Hanyar mota ma ba guda ba ce. Sawu goma ne ke tafiya tare, su rabu, su haɗu, wani ya ɓace a kan fako, wani ya kai ka tsohon zangon da aka tashi tun bara.

Madugu yana gaba kusa da direba, ba ya magana, hannu kawai yake karkatawa dama ko hagu. Ni kuma ina baya da littafina. Kafin mu tashi na rubuta lambar da ke kan ma'aunin kilomita na mota. Duk inda muka canza fuska sosai sai in sa a tsaya, in sauka, in yi nisa da mota taku talatin, in ɗauki digirin inda muka dosa, in rubuta shi tare da kilomita da lokaci. Direba ya fara tsaki tun a tsayawa ta uku.

Saurayin ya tambaye ni me ya sa sai na sauka. Na ba shi busol na ce ya riƙe a cikin mota ya duba allurar, sannan ya fito ya biyo ni. Yana tafe yana kallonta, tana komawa wurinta a hankali. Allurar maganaɗisu ce, ƙarfen mota da batir da lasifika duk suna janta, har wuƙar da ke ɗamararka ko wayar da ke aljihun gabanka. Kuma kuskuren da ido ke rainawa shi ke kashe mutum: digiri ɗaya kacal, in ka bi shi kilomita 60, ya kauce da kai kilomita guda daga inda ka nufa. Digiri goma fa? Na kuma nuna masa ɗan zanen da ke gefen taswirar, wanda ke faɗin tazarar da ke tsakanin arewar busol da arewa ta gaskiya. Lokacin da aka buga takardar, allura tana karkata yamma da digiri da dama. Wannan karkata tana sauyawa shekara bayan shekara, yau a ƙasarmu ta dawo kusa da sifili. Wanda ya ɗauki tsohon lissafin gefen takarda ya yi aiki da shi yadda yake, ya ɓatar da kansa da hannunsa.

Da la'asar muka isa rijiyar farko. Ban taɓa gajiya da kallon rijiyoyin wannan yanki na Azawak ba. Bakinta an kafa itatuwa masu gwafa, kowanne da kurarsa ta katako, igiya ta ci jikin itacen ta yi masa zurfafan layuka. Yaro yana kan raƙumi, igiyar wasaki ɗaure da sirdi, ya kora shi ya yi ta tafiya har sai ya ƙanƙance a ido kafin wasakin ya iso baki, wani ya yi ihu, ya juyo. Tsawon tafiyar raƙumin shi ne zurfin rijiyar. Jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙaho suna tsaye garke-garke suna jiran layi, ba mai tsallake wani, ga shanun Azawak can gefe, ga jakuna da salkuna a ƙarƙashin ciki. Mun yi allura har duhu ya hana mu ganin wuyan saniya. Masu zangon suka kawo mana nono mai ɗumi da cuku, Madugu kuma ya kwaɓa garin alkama ya binne cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya tono gurasar, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miyar albasa. Ba ka jin ko ƙwayar yashi a haƙori. Shayi sai da aka yi zagaye uku.

Daren nan sama a buɗe take. Madugu ya nuna wa saurayin taurari bakwai ɗin nan da Abzinawa ke ganin taguwa a cikinsu, ya bi da yatsa daga biyun gaba har zuwa tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa duk dare. A wannan yanki yana tsaye ƙasa-ƙasa, wajen digiri 15 ko 16 sama da doron ƙasa, daidai da nisanmu daga layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa. Na ɗora busol, allura ta nuna shi cak. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce ashe abin nawa yana da tarbiyya.

Washegari muka tashi ba mu ga rana ba. Hazo ya sauko cikin dare, iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙura mai laushi da ke shiga hanci da kunne da cikin kwanon shayi. Itacen da ke taku ɗari biyu sai ka ga inuwarsa kawai. Ga shi an shaida mana cewa manyan garkunan da muka zo dominsu sun tashi sun koma wata tsohuwar rijiya can gaba. Na'urar GPS ta mota ta mutu tun jiya da yamma, wurin cajinta ya ƙone. Saurayin ya kunna wayarsa. Ta kama tauraron ɗan'adam kam, don wannan ba ya bukatar rezo, amma hoton ƙasar bai sauka cikinta ba tun muna gari. Ɗigo shuɗi ne kawai a tsakiyar farin fili.

Na dubi Madugu. Ya daɗe yana kallon arewa, sannan ya ce:

"Malam, rijiyar na san ta, na shayar a can tun ina yaro. Amma ni da tudu nake tafiya, da itace, da rana. Yau duk an ɗauke mini su. In na ce maka ga hanya, na yi maka ƙarya."

Wannan magana ta ƙara masa girma a idona. Jagoran da ke kashe mutane shi ne wanda kunya ke hana shi faɗin haka.

Jira ba namu ba ne, hazo kan yi kwana uku bai ɗaga ba, ƙanƙara kuma ta fara zama ruwa a ƙasan akwati. Muka shiga mota muka rufe gilashi, na buɗe taswira a kan gwiwa. Daga rubutun jiya na bi tafiyarmu layi-layi da fensir, digiri da kilomita, har ta kawo ni kan wata alamar rijiya, lambobin da wayar saurayin ta bayar kuma suka faɗa kusa da wurin. To, mun san inda muke. Madugu ya kwatanta waccan rijiyar: tana cikin wani dogon kwari da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, mai farar ƙasa da manyan itatuwa. Kwarin yana kan takarda, rijiyar ma tana nan, ɗan da'ira shuɗi. Na auna da rula: santimita 18, wato kilomita 36, a kan digiri 20.

Sai na ce ba digiri 20 za mu bi ba, 25 za mu bi. Direba ya juyo gaba ɗaya.

"Haba Malam! Ka san hanya kuma ka ce mu kauce da gangan? Man fa?"

Na ce masa rijiya ɗigo ce, cikin wannan hazo za mu iya wuce ta da taku ɗari biyar ba mu sani ba. Kwari kuwa layi ne mai tsawo, ba yadda za a yi mu tsallake shi ba mu ji ba. In mun nufi rijiyar kai tsaye muka iso kwari ba mu gan ta ba, ba mu san ko dama za mu yi ko hagu ba, nan ne mai ke ƙarewa. In kuwa mun kauce dama da digiri biyar, za mu faɗa kwarin wajen kilomita uku gabas da ita, mu juya hagu hankali kwance. Madugu ya ce haka su ma suke yi da raƙuma in za su faɗa gulbi da dare. Direba ya ta da mota yana ƙunƙuni.

Tafiyar nan ta ci rai. In sauka, in yi nisa da mota, in saita busol, in zaɓi itace mafi nisa da ido ke iya kamawa a kan layin, mu tuƙa zuwa gare shi, in sake sauka. Inda babu itace sai yaron mota ya yi gaba da jan ƙyalle a kan sanda, ina ɗaga masa hannu har ya tsaya daidai, mota ta same shi. Ƙarangiya ta cika mana ƙafafun wando, leɓuna suka tsage. In tudu ya yi tsayi muka kewaye shi, sai in ƙirga abin da muka karkata in rama a ɗaya gefen. Saurayin ya karɓi littafin ya riƙa rubutawa, tun ban ce masa ba. A wani gangare mota ta nutse har ciki. Muka rage iskar tayu, muka yi ta haƙa da shebur da hannu, muka cusa faranti, ta fito ta sake zama, sai a karo na gaba ta haye. Na sa ya rubuta cewa tayu sun yi ta juyawa a wuri guda, don ma'aunin mota yana ƙirga wannan ma a matsayin tafiya. A rairayi kullum lambar mota ta fi ta takarda yawa.

Azahar ta same mu a tsakiyar fili, ba rana ba inuwa. Madugu ya tsaya yana juyawa, sai ya ce in duba masa gabas. Daga wannan yanki alƙibla tana wajen digiri 75, gabas ce mai ɗan karkata arewa. Na ja layi a ƙasa da sanda, muka yi taimama muka yi salla.

Mota ta nuna kilomita 36, ba kwari. Ta nuna 38, ba kwari. Cikin motar ya yi tsit, direba na satar kallon allurar mai. Na ce a ci gaba, lissafin bai ƙare ba tukuna. Bayan 40 da kaɗan sai ƙasa ta fara gangarawa, rairayi ya koma farar laka mai tsattsagewa, manyan itatuwa suka fito daga cikin hazo ɗaya bayan ɗaya. Muka juya hagu. Daga nan na ninke taswira, don aikin ya koma hannun mai shi. Madugu ya sauka yana tafiya gaban mota, kansa a ƙasa. Ya nuna sawun shanu da ke haɗuwa suna zama turba, ya murƙushe kashin raƙumi da yatsa ya ce na safiyar yau ne, ya nuna sawun jaki mai zurfi da ya fito daga yamma, alamar ya ɗauko ruwa. Can ya ɗaga hannu a kashe mota. Cikin iska muka jiyo kukan kurar rijiya da ihun mai kora raƙumi. Da muka buɗe akwati akwai sauran ƙanƙara, muka hau aiki ko shayi ba mu sha ba.

Kada wani ya ɗauka taswirar nan ba ta da aibu. A kwanakin da suka biyo baya ta nuna mana rijiyar da muka tarar ta rufta tun tuni, ta nuna turbar da ciyawa ta shafe, kuma ba ta san da fanfon burtsatse da ƙauyen da ya tsiro kewaye da shi ba, har da makarantarsa. Abin da mutum ya gina yana tashi yana faɗuwa, amma kwari da tudu suna inda aka zana su, kuma da su ake kama hanya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tura samari cikin wannan daji, malaman dabbobi da na asibiti da masu gyaran fanfo, ba wanda ya taɓa zaunar da su yini guda ya koya musu karanta taswira da riƙe busol. Busol mai kyau bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Dattawa irin Madugu kuma suna ƙarewa, ƴaƴansu da yawa sun koma gari ko sun hau babur.

Komowa ba ta ba mu wuya ba. Kwaltar Agadas ta ratsa kudu da gabashinmu, duk inda muka dosa tsakanin biyun sai mun ci karo da ita, don haka muka saita kudu maso gabas muka miƙe. Mun hau titi gabas da Abalak, muka biya wani mai faci sefa 500 ya mayar wa tayu iskarsu. A gari muka sallami Madugu da kuɗinsa da sauran sukari da ganyen shayi, muka koma wurin jandarma aka soke sunayenmu daga littafi. Mun shigo Tawa ranar Lahadi, kasuwa ta cika har bakin titi, motocin albasa da na dabbobi sun toshe hanya. Kafin a sauke kaya saurayin ya ari taswirar ya kai shagon hoto, aka buga masa ita falle huɗu ya haɗa da salatif. Na ce ya kwafe har da rijiyoyin da na ƙara da fensir da waɗanda na soke, ya kuma nemi fallen Cintabaradan, don can aka ce za a tura shi a zagaye na gaba.